Motar Rimot a Jar Ƙasar Kano: Yadda Nake Saita Shokozoba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Masu bibiyata kun saba ganina a zauren tsere a Ingila, cikin rigar sanyi, muna zagaye a kan kafet ko ciyawar roba. Yau kam gida na zo. Nan bayan Rijiyar Zaki ne, filin da yaran unguwa ke buga ƙwallo, kuma ƙanena Nura ne riƙe da kyamara. Nura, sunkuyar da ita su ga ƙasar. Ga jar ƙasa ta bushe ta ƙanƙare, rairayi ya kwanta a kanta, ga ƙananan ramuka da ruwan damina ya bari. Tudun can da tifa ta zubar da marmara, shi ne wurin tsallenmu.

Motar ita ce wadda kuka sani, ta rimot mai girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na babbar mota, tayoyin baya ne ke janta. Da gangan na bar ta da saitin da nake tsere da shi a can, don ku ga abin da zai faru da idonku. Bismillah. Kun gani? Ko rabin wuta ban ba ta ba, amma gindinta na dukan ƙasa, bayanta na watsewa gefe, da ta hau rami sai ta yi ta tsalle-tsalle. Lafiyarta ƙalau. Ƙasar ce ba irin wadda aka saita ta dominta ba. A kan kafet taya na kama ƙasa sosai, har mota kan kife a kwana saboda tsabar riƙo, shi ya sa muke sauke ta ƙasa-ƙasa, mu sa sifirin mai tauri. Nan kuwa riƙon ne babu, ga gargada. Aikinmu yau shi ne taya ta zauna a ƙasa, domin tayar da ke sama ba ta ja, ba ta juyawa, ba ta birki.

Abba, ɗan yayata, yana cewa, "Kawu, a ɗaure sifirin ɗin mana, ai shi ne ya yi laushi." Zo nan Abba, kawo hannunka. Wannan zoben da ke kan jikin shokozoba, wanda ake murzawa sama da ƙasa, ba ya ƙara wa sifirin tauri ko kaɗan. Tsayin gindin mota daga ƙasa kawai yake canzawa. Taurin sifirin yana cikin kaurin wayarsa da yawan naɗinsa, in kana son wani taurin sai dai ka cire ka sa wani. Kamfanoni kan shafa musu launi don a bambance, amma jan wannan kamfani ba shi ne jan wancan ba. Kuma tsallen da ka gani, ba sifirin ne zai hana shi ba. Sifirin ɗaukar nauyi yake yi, in an danne shi sai ya mayar. Abin da ke hana shi mayarwa da ƙarfi har mota ta yi ta lilo, shi ne man da ke cikin shokozobar.

Bari in buɗe guda ku gani. Nura, matso kusa. Ga kwalbar, faɗin cikinta milimita 12. Ga sandar ƙarfe mai sheƙi, a kanta kuma ga ɗan farin fistin mai huda biyu, kowace milimita 1.6. Duk sanda taya ta taka tudu, sandar na tura fistin cikin mai, man kuma dole ya bi ta waɗannan hudojin. Ka ɗauki rariya ka tura ta cikin ruwa, sannan ka tura ta cikin koko mai kauri, bambancin da hannunka zai ji, shi ne bambancin mai sirara da mai kauri. Motocin wasan yara da ake sayarwa a Sabon Gari yawanci sifirin ne zalla, babu mai, shi ya sa suke ta dira ba tsayawa. Masu tsere kuwa sun daɗe da gane muhimmancin wannan kwalbar. Motar rimot RC10 ta kamfanin Team Associated, wadda ta fito a 1984 da shokozoba huɗu masu mai, da ita Jay Halsey ya ci kofi a gasar duniya ta farko da IFMAR, hukumar tseren motocin rimot ta duniya, ta shirya wa irin waɗannan motoci masu batir, a Del Mar ta jihar Kalifoniya a 1985. Har yau tsarin bai canza sosai ba, kwalbar ce dai ta ƙara faɗi.

Man na silikon ne, kuma lamba biyu za ku gani a jikin robarsa. Akwai wt, akwai cSt, dukansu kaurin man suke nunawa, lamba na hawa kauri na ƙaruwa. Ni cSt nake bi, domin ma'auni ne na kimiyya, ruwan sha kusan 1 yake a kansa. Lambar wt kowane kamfani da yadda yake ƙirga tasa. A wurin Team Associated, 30wt na daidai da 350 cSt, 35wt kuma 425, 40wt 500. In ka sayi 30wt na wani kamfanin, kada ka yi mamaki in ya ɗan bambanta.

Ga maƙwabcinmu Malam Garba ya tsaya, bakanike ne a Ƙofar Ruwa, ya fi ni sanin shokozobar babbar mota nesa ba kusa ba. Sannu da zuwa Malam. Tambayarsa ita ce, in na silikon ya ƙare, ba a zuba baƙin mai ko man birki? Malam, don Allah kar a yi. Akwai ƙananan zobban roba guda biyu a gindin kwalbar da ke rungume da sandar, su ke hana yoyo, kuma ba don waɗancan mayukan aka yi su ba, suna iya kumbura ko su lalace. Sannan baƙin mai kaurinsa na sauyawa sosai tsakanin sanyi da zafi. Na silikon ma yana sauyawa, amma kaɗan ne in an kwatanta.

Wannan kaɗan ɗin ma a Kano abin lura ne. Da asubar hunturu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, a watan Afrilu kuwa ya haura 40. Motar da ka saita da safe ta zauna daram, da azahar sai ka ji ta saki, gindi na taɓa ƙasa a tsalle. Man ne ya tsinke. Ka hau mataki ɗaya ko biyu, in kana kan 30wt ka koma 32.5 ko 35. Wanda zai yi wasan nan da bazara ya ajiye mai kauri a jakarsa.

Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya a fahimta, domin nan ne gwanaye ke raba gari da 'yan koyo. Za ka iya haɗa shokozoba biyu, ɗaya ƙananan hudoji da mai sirara, ɗaya manyan hudoji da mai kauri. Ka danna su da hannu a kan tebur, ka rantse iri ɗaya ne. A fili kuwa ba haka ba. In aka buga sandar da sauri, kamar lokacin dirowa daga tsalle, mai ƙananan hudoji sai ta tirje, man ya kasa wucewa da gaggawa, ta riƙe motar kafin gindi ya daki ƙasa. Mai manyan hudoji ba ta wannan tirjiyar sosai, tana barin taya ta hau ta sauka da sauri. To wanne ya dace da nan? Ku dubi filin. Tsalle ɗaya ne tal, gargada kuwa ko'ina. Tirjiyar da ke ceton ka a tsalle ita ce ke wurgar da bayan mota sama a kan ƙananan ramuka. Don haka a baya zan sa fistin mai huda 1.7 da mai 32.5wt, gaba in bar 1.6 da 35wt. In gindi ya ɗan goga ƙasa a wancan tudun, na yarda, a kan in rasa riƙo a sauran filin gaba ɗaya. Masu manyan motoci na 1/8, kwalbarku milimita 16 ce, hudojin fistin sun fi yawa, lambobinku daban, amma hikimar ɗaya ce.

Ga yadda ake cikawa. Sanda na ƙasa, ka zuba mai har kusa da baki. Ka motsa fistin a hankali sama da ƙasa, kar ya fito saman mai. Kun ga ƙwayoyin iskar nan da ke tasowa daga ƙarƙashin fistin? Sai ka jingina ta a tsaye, ka ba ta minti biyar zuwa goma su gama fita. Sannan ka rufe, ka kwance ɗan sukurun da ke murfin, ka tura sandar ciki a hankali har rarar mai ta fito, ka ɗaure. Da ka saki, sandar kan dawo waje kaɗan da kanta. Abin da ta dama ta dawo, shi ta hagu ma za ta dawo, in ba haka ba motar za ta fi son kwanar gefe guda. Tsawonsu ma a auna da ma'auni, ba da ido ba. Kuma kada ka kama sandar da filaya tsirara. Ƙarzane guda ya isa ya yanke zoben roba, daga nan sai yoyo. Naɗa tsumma, ko ka kama can ƙarshe wajen zaren noti.

Na sa sifirin masu laushi mataki ɗaya gaba da baya. Yanzu sai tsayi. Batir na ciki, murfi na kai, domin da cikakken nauyi ake aunawa. Ka ɗaga ta kamar kamu guda ka sake ta a wuri mai lebur, a nan katakon nan muka shimfiɗa, ka bar ta ta zauna da kanta. A kafet nakan sauke ta ƙasa da milimita 18. Nan 23 nake nema. In babu ma'auni, dubi sandunan da ke kai wa tayoyin baya ƙarfi, su kwanta a miƙe, ba su kalli sama ko ƙasa ba. Abba, nan ne aikin zobenka, murza min na dama rabin zagaye.

Ragowar abubuwan ba zan daɗe a kansu ba. Ramukan da ke saman hasumiyar da shokozoba ke ɗaure, in ka kwantar da ita ciki tana laushi, in ka miƙar da ita tana tauri kuma mota na amsawa da sauri. Na matsar da na baya rami ɗaya ciki. Siririn ƙarfen da ke hana mota karkata a kwana, na cire shi baki ɗaya, a ƙasa mai santsi da gargada yana rage riƙo. Saman tayoyi ya ɗan kwanta ciki da digiri ɗaya zuwa biyu. Sai dai ni na canza abubuwa da yawa a lokaci guda ne saboda na san halin motar nan. Kai da ka fara, ka canza abu ɗaya, ka zagaya, ka rubuta a littafi, sannan ka taɓa na gaba.

Mu gwada. Ma sha Allah. Ku kalli tayoyin, Nura bi ta da kyamara, suna ta hawa da sauka amma jikin motar a kwance yake. Ga kwanar da ɗazu ta juya da ni, yanzu ta shiga ta fita. Ga tsalle. Ta ɗan goga, kamar yadda na faɗa, amma ta dira ta miƙe. Gaban yana ɗan zarcewa a shigar kwana, zan rage kaurin mansa zuwa 32.5 gobe da safe in ga yadda zai yi da sanyi.

Kawo ta nan. Ku dubi sandar, zagaye kaɗan ne amma jar ƙura ta manne a kan ɗan maiƙon da ke jikinta. Wannan ƙurar in ta shiga, ita ke cin zobban roba, ta dagula man ya koma launin ƙasa. A filayen waje na Ingila laka ce da ruwa ke damunmu, nan kuwa ƙura, kuma ta fi shiga lungu. A goge sanduna da tsumma bayan kowane batir, a sa musu 'yar rigar roba in akwai, in babu a yanka balan-balan a rufe. Da mai ya sauya launi a zubar a sake. Wanda zai yi aike daga waje kuwa, kafin ya ce a sayo masa injin da ya fi gudu, ya ce a haɗo masa mai kala huɗu daga 27.5 zuwa 40, fistin iri biyu, sifirin mai laushi da matsakaici, da zobban roba masu yawa, duk ba su cika tafin hannu biyu ba.

Abba, karɓi rimot. Ja kunamar a hankali, rabin wuta, ka zagaya bayan ragar can ka dawo, kada ka nufi tudun tukuna.