Jawabin Maraba Ga Mai Martaba Sarki A Ɗakin Binciken Taurari Da Duniyoyi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da 'yan majalisar Sarki, malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa. A madadin ma'aikatan wannan ɗakin bincike, muna yi wa Sarki lale marhabin.

Ranka ya daɗe, a kan teburin gabanka akwai ɗan ɓallin dutse da bai kai faɗin farce ba. Asalinsa daga duniyar Mas yake. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi a Zagami, ta ƙasar Faskari a Katsina, yana korar hankaki daga gonarsa, sai ya ji ƙara, dutse mai nauyin kilo 18 ya nutse cikin ƙasa kusa da shi. Shekaru bayan haka masana suka sami iskar da ta maƙale a cikinsa, suka gwada ta da wadda kumbon Viking na Amurka ya auna a Mas a 1976, suka ga iri ɗaya ce. Duk ɗalibin da ya leƙa wannan ɓalli ta madubin ƙara girma, sai ka ga ya yi shiru na ɗan lokaci.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, aron wannan ɓallin muka yi daga waje. Dutsen ya faɗo a gonarmu, amma ilimin da ke cikinsa a ɗakunan binciken wasu aka haƙo shi. Haka ta faru da maƙwabtanmu: dutsen Mas mai kusan kilo 25 da aka tsinta a yankin Agadas a Nuwamban 2023, an yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita.

Saboda haka muke da roƙo, ranka ya daɗe. Maganar Sarki tana kaiwa inda takardarmu ba ta kaiwa. Muna roƙon a sanar da hakimai da dagatai da masu unguwanni cewa duk wanda ya ga dutse ya faɗo daga sama, baƙi a waje kamar an ƙona shi, kada ya wanke shi, kada ya fasa. Ya lura da wurin, ya sanar da dagaci, mu kuma za mu zo da kanmu.

Yanzu, da izinin Mai Martaba, ɗalibanmu za su nuna wa Sarki ɓallin Zagami a madubi.