Masu Tattaki Domin Ruwa a Ƙasar Ojibwe

Jama'a, barkanku da zuwa. Na tsara zan yi magana a kan abubuwa uku game da mutanen Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Kanada da Amurka, waɗanda suke zaune a kewayen manyan tafkunan nan biyar da suka tara kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke bisa doron ƙasa.

Na farko shi ne mafarin tattakin da matansu suke yi domin ruwa. A shekarar 2000 wani dattijonsu, Eddie Benton-Banai, ya yi gargaɗin cewa idan ba a daina wulaƙanta ruwa ba, kafin 2030 zai yi tsada kamar zinariya, sannan ya tambayi jama'a me za su yi a kai. Maganar ta tsaya wa wata mata a rai, Josephine Mandamin, haifaffiyar Wiikwemkoong a tsibirin Manitoulin. A 2003, tana da shekara 61, ta ɗauki bokitin jan ƙarfe cike da ruwa, ita da wasu mata ƙalilan, suka kewaye Tafkin Superior da ƙafa. Shekaru masu zuwa suka kewaye tafkunan Michigan da Huron da Ontario da Erie, ɗaya bayan ɗaya.

To, bokitin nan nake so mu tsaya a kansa, domin shi ne ya kama mini hankali. A al'adarsu mata ne masu kula da ruwa, wanda suke kira nibi, saboda a cewarsu cikin ruwa mace take ɗaukar ɗa wata tara, kuma ruwa ne yake fara fitowa kafin jariri ya faɗo. Don haka mace ce take riƙe bokitin, sanye da dogon siket, namiji kuma yana biye a gefenta da sanda mai gashin gaggafa, aikinsa gadi. Ana tashi tun kafin asuba. Daga lokacin da aka ɗaga bokitin nan ba ya tsayawa, kuma ba ya komawa baya, har sai an kammala tafiyar yinin. Ku lura da kyau, ba ya tsayawa. Idan mai ɗauke da shi ta gaji ba za ta dire shi ta huta ba, sai wata ta matso kusa da ita, su daidaita taku, ta karɓa suna cikin tafiya, kamar yadda kogi ba ya tsayawa don wani ya gaji. Malama da ke can baya, na ga kina gyaɗa kai. Duk wadda ta taɓa ɗauko ruwa daga nesa ta san yadda hannun bokiti yake cin tafin hannu, ta kuma san yadda ruwa yake tangal-tangal idan taku ya ɓaci. Mai ɗauke da shi ba ta waige-waige, tana addu'a ko waƙa ga ruwan, kuma duk rafin da suka ƙetare sai an ajiye masa ɗan garin taba, wadda suke kira asemaa. Inda aka tsaya yau, daga nan za a ɗora gobe, ba a tsallake ko taku ɗaya.

Ina ne muka tsaya, na biyu ko na uku? Bari in haɗa su, lokaci ya ja. A 2011 an ɗebo ruwa daga kusurwoyi huɗu na nahiyar Arewacin Amurka aka haɗa a Tafkin Superior. A 2013 wata 'yar Ojibwe mai suna Sharon Day ta jagoranci tattakin Kogin Misisipi, ta ɗauki ruwa mai tsabta daga mafarinsa a Tafkin Itasca har zuwa inda yake faɗawa teku a gurɓace, aka zuba masa domin ya tuna yadda ya faro. Josephine ta yi tattakinta na ƙarshe a 2017, ta rasu a Fabrairun 2019, kuma 'yar danginta Autumn Peltier ta gaji muƙaminta na kwamishinar ruwa ta al'ummar Anishinabek, wato haɗakar Ojibwe da ƙabilu 'yan'uwansu a lardin Ontario na Kanada, tana da shekara 14.

Na'am, ɗan'uwa, ɗaga murya. Yana tambaya ne ko tafiya da ƙafa tana tsabtace tafki. Ba ta cire guba daga ruwa, kuma su ma ba su ce tana cirewa ba; mutanen Grassy Narrows a Ontario har yau suna fama da sinadarin makuri mai guba da wata masana'antar takarda ta zuba musu a kogi tun shekarun 1960. Masu tattakin da kansu suna cewa wannan ba zanga-zanga ba ce, addu'a ce irin ta addininsu. Amma matar da ta yi makonni tana bin gaɓar tafki da ƙafa ta ga kowane bututun ƙazanta da idonta, ta san sunan kowane rafi, kuma mutanen garuruwan da ta ratsa sun fito sun tambaye ta abin da ke cikin bokitin. Idan aka zo zaman sauraron jama'a kan shimfiɗa bututun mai ko buɗe mahaƙar ma'adinai, da yawa daga cikin masu miƙewa su yi magana matan nan ne da suka taɓa riƙe bokitin.