Ƙari a hanyar abinci: yadda ake cire shi ta baki

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. A gidajenmu ba a rasa dattijon da ya daina cin kilishi, can kuma ya bar tuwo, ya koma fura da kunu. In an tambaye shi ya ce loma ce ke tsaya masa a ƙirji, mu kuwa mu ce tsufa ne. Wannan amsa tana damuna ƙwarai.

Hanyar abinci ta taso daga maƙogwaro ta sauka tumbi, tsawonta wajen santimita 25. Bangonta hawa-hawa ne: fata mai laushi daga ciki, wata shimfiɗa a ƙarƙashinta, sai tsokar da ke tura loma ƙasa.

Gaskiya, yawancin ƙarin da ke fitowa a nan sankara ne. Amma akwai waɗanda ba a cika gani ba, kuma galibinsu ba sa yaɗuwa. Wanda ya fi yawa cikinsu sunansa leyomiyoma, daga tsoka yake tsirowa. Akwai wani ɗan ƙarami ruwan ɗorawa, mai kama da turmin haƙori. Akwai kuma mai dogon reshe da ke reto daga sama, har amai yana iya turo shi baki ya toshe numfashi. Wannan ba ya son jinkiri.

A da, sai an buɗe ƙirji kafin a kai ga irin wannan ƙari. Yanzu ana zura siririn tiyo mai fitila da kyamara ta baki, aikin da likitocinmu ke kira fibroskofi. Wani tiyon yana ɗauke da na'urar eko (mai ɗaukar hoton cikin jiki da sauti) a bakinsa, ita ke nuna hawan da ƙarin ya samo tushe.

In a hawan sama na bangon yake, sai a yi allurar ruwan gishiri a ƙarƙashinsa ya taso, a zarga masa zoben waya mai lantarki a yanke. In ya yi faɗi, akan fere shi a hankali da 'yar wuƙa, dabarar da likitocin Japan suka ƙware a kai.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta rami, da likitocin Shanghai a ƙasar Sin suka bayyana a 2012. Ƙarin yana can cikin tsoka. Likita zai tsaga fatar da ke cikin hanyar kamar santimita 5 sama da shi, ya bi ta ƙarƙashinta kamar gafiya, ya ɓanɓaro ƙarin ya fito da shi ta baki, sannan ya rufe ƙofar da 'yan maƙalai. Fatar da ke kan wurin tana nan lafiya, ita ke hana abinci yoyo cikin ƙirji.

Aikin yana da haɗarinsa: zubar jini, hujewar bango, ko hanyar ta tsuke bayan ta warke. Kuma rami ya fi dacewa da ƙarin da kaurinsa bai wuce santimita 3 da rabi ba. In ya girma, ko gwaji ya nuna sankara ce da ta yi nisa, sai tiyata.

Don haka in Baba ya fara bin kowace loma da ruwa, ko yana ramewa, ku kai shi babban asibitin Zinder, ku faɗa wa likita tun yaushe abin ya soma, ku tambaya ko yana bukatar fibroskofi. Ranar gwajin da azumi ake zuwa, awa 6 zuwa 8 ba ci.