Gam ɗin cikon haƙori: gwajin da ake masa kafin ya shiga baki

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Na ga wasu tun daga Agege da Mile 12 suka taso zuwa nan Idi-Araba, da wannan cunkoson, Allah ya saka da alheri. Abu uku na zo da su: abin da ake liƙawa a kai, yadda ake gwajin, sai yadda ake karanta sakamako.

Na farko. Haƙori hawa-hawa ne. Ɓawon waje, inamel, kashi 96 cikin ɗari duk ma'adini ne, busasshe, ba ya ba da wahala. Tun 1955 Michael Buonocore ya nuna cewa in ka shafa masa asid ɗin fosforik, gam zai kama. Na ƙarƙashinsa, dantin, shi ne ɗan rigima. Ma'adini wajen kashi 70, kolajin, wato zaren furotin, da danginsa 20, ruwa 10. Ga shi duk ƙananan hudoji ne, kusa da jijiya sukan kai 45,000 a milimita ɗaya murabba'i, kuma kowace da ruwa a ciki. Ku da ke zaune a Legas kun san yadda fenti yake yi da bango mai danshi. To, aikinmu ke nan kullum. A 1982 Nakabayashi a Japan ya bayyana yadda gam yake ratsa zaren kolajin ya daskare a ciki, su zama abu guda. Wannan siririn layin shi ke riƙe da cikon.

Yanzu gwajin, kuma nan za ku yi haƙuri da ni, don nan ne raina yake. Ka samu haƙorin turmi da aka cire, mara tsutsa, ka adana shi a ruwan kiloramin, mai kashe ƙwayoyin cuta. Ka yanke samansa dantin ya bayyana, ka goge da sanfefa mai lamba 600, ka shafa gam, ka gina farin ciko, ka haska masa fitila ya daskare. Sai ya kwana a ruwa mai zafin digiri 37, zafin jiki. Washegari a yanka shi siri-siri, kowane sanda kaurinsa kamar milimita ɗaya. Sano da abokan aikinsa suka kawo wannan hanya a 1994. Inji ya riƙe kai biyu yana ja a hankali har ya tsinke, a rubuta ƙarfin da megafaskal, ma'aunin ƙarfin riƙo.

To, ina sandunan da suka karye tun wurin yanka, ba su kai ga inji ba? Ina su? Wani mai bincike sai ya share su, ya lissafa masu rai kawai. Ɗalibai, kun ji? Ajin da aka kori duk waɗanda suka faɗi, ai kowa ya ci jarrabawa! (dariya) In takarda ba ta faɗi nawa suka karye ba, da yadda aka lissafa su, ni ajiye ta nake yi. Kuma ka duba inda ya tsinke da madubin ƙara girma. A gam ɗin ne, ko cikon ne ya fashe, ko dantin? In ciko ne ya fashe, ai ba gam ka auna ba.

Na uku... a'a, muna na biyu ko? Bari dai. Kwana ɗaya a ruwa ba komai ba ne. Baki yana shan shayi mai zafi da safe, ruwan leda mai ƙanƙara da rana, ga goro. Shi ya sa ake tsoma samfurin tsakanin digiri 5 da 55. Ƙa'idar ISO, hukumar ma'aunai ta duniya, ta ce sau 500, masu bincike da yawa suna kai wa 10,000. Wasu su bar shi wata shida a ruwa. Nan asiri yake tonuwa, don ruwa yana cin gam, kuma dantin kansa yana da sinadaran da ke narkar da kolajin da asid ya tsiraita. Kwana ɗaya, ina maimaitawa, ba komai ba ne. Sannan kwalbar gam, don Allah ku riƙa rufewa, sinadarin asiton da ke cikin wasu a zafin Legas gudu yake yi.

Na'am, Alhaji? A miƙa masa abin magana.

(Wani dattijo ya tambaya ko dole sai haƙorin mutum, tun da ga shanu ana yankawa kullum a Oko-Oba.)

Alhaji, ka taɓo wurin! Ana amfani da na shanu, sosai ma. Haƙorin mutum mai lafiya wuyar samu gare shi, sai da izinin mai shi da na kwamitin ɗa'a. Saniya kuwa tana da na gaba guda takwas a ƙasa, sama babu ko ɗaya, faffaɗa, masu daɗin yanka. Sai dai hudojinsu ba daidai suke da namu ba, musamman in ka nutsa ciki, don haka a tsaya a dantin na kusa da ɓawo, kuma a rubuta cewa na saniya ne. In kana da mutane a mayankar, Alhaji, kada ka tafi bayan Azahar, ɗalibaina suna nema.