Amsoshin Tambayoyinku: Gyaran Tsohon Masaukin Baƙi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan Jos. Hazo ya sauko, kowa ya nemo rigar sanyinsa. Tun makon jiya da muka taɓo zancen tsofaffin masaukan baƙi na garin nan saƙonninku ke ta shigowa, ga su nan tari guda. Tare da ni akwai wani dattijon magini da ya gaji sana'ar wurin mahaifinsa. Baba, barka da zuwa.

Baba: Barka kadai, ɗana. Allah ya yi albarka.

Amin. Wani ɗalibi daga Unguwar Rogo yana tambaya yaushe aka buɗe otal ɗin Hill Station, kuma me ya sa aka zaɓi Jos. A 1938 ne, zamanin Turawa. Dalili kuwa shi ne sanyin nan da kake ji: garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, ga kuza ta tara Turawa, ga jirgin ƙasa daga Zariya tun 1914. Ma'aikacin da zafin Kano ko Sakkwato ya gallaba sai ya hauro nan ya sha iska. In aikin gida malaminka ya ba ka, to mun yi maka rabi, sauran ka buɗe littafi.

Wata baiwar Allah daga Rikkos ta ce kakarta na yawan cewa ta ga Sarauniyar Ingila a Jos. Ki yarda da Kaka, Sarauniya Elizabeth ta zo a 1956.

Daga Bukur an tambayi asalin kalmar bariki. Aro ce daga Turanci, sunan sansanin soja, sai Bahaushe ya laƙaba wa gidajen da Turawa ke sauka in suna rangadi. Ga ta nan har yau a sunan Barikin Ladi.

To, ga wadda za mu zauna a kanta, don mutum shida ne suka aiko da irinta. Wani bawan Allah daga Gangare ya rubuto: "Kakanmu mai saukar da fatake ne. Ya bar mana gidan ƙasa mai zaure biyu da ɗakunan baƙi a jere. Muna so mu gyara shi ya koma masauki. Ɗan kwangila ya ce a shafe bangon da siminti, a zare azara, a sa tayil. Mu yarda?" Baba, gare ka.

Baba: Hmm. Azara ya ce a zare? Ka san azara giginya ce. Kuma ba kowace giginya ba, sai wadda ta ƙosa, ka tsaga ka ga cikinta ya yi baƙi. Gara ba ta cinta. Mahaifina kan ɗaga ɗaya ya buga a ƙasa, daga ƙarar ya san ko za ta yi. Mu muna yara mu ke taka ƙasa da ƙafa, a zuba ciyawa, a bar ta ta kwana ta kwana har ta yi wari, sannan a mulmula tubali. Yanzu yaro ka ce masa ya taka ƙasa…

Baba, a gafarce ni, lokaci. Simintin fa?

Baba: Ai can na nufa. Bangon ƙasa numfashi yake yi. Da damina ya sha danshi, rana ta fito ya fitar. In ka lulluɓe shi da siminti ka toshe masa hanci. Ruwa dai zai shiga, ta tsaga ko ta gindin bango, amma hanyar fita babu. Ƙasar sai ta ruɓe a ciki, waje kuma na sheƙi. Na gani da idona a unguwarmu: an yi shafe, an yi fenti, gwanin sha'awa. Damina ta uku na je na ƙwanƙwasa da yatsa, sai na ji kamar ganga. Na ce su fitar da yara daga ɗakin. Ba a yi wata guda ba shafen ya zubo falle guda, ya janyo rabin bangon.

Subhanallahi. Bari in maimaita, don wanda ya kunna rediyo yanzu. Siminti a kan bangon ƙasa yana tare danshi a ciki. Yana tare danshi, bangon ya ruɓe ba ka sani ba. In an riga an yi a gidanku, ku ƙwanƙwasa, in kun ji amo kamar ganga ku nemi magini tun kafin ruwan fari. To Baba, me za su yi?

Baba: Su fara daga sama. Rufi da indararo. Ruwan Jos ba wasa ba ne, daga Afrilu har Oktoba ana yi. In indararo ya yi gajere yana zuba a jikin bango, komai ka yi a banza. Sannan gindin bango, a yi masa dakali, a karkata ƙasa ruwa ya gudu. Sai yaɓe. Yaɓe da ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita, a bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Da can masu hali laso suke sa wa, katsi daga marina a haɗa da gashin akuya da dafara. Azarar da ta karye ita kaɗai za a canza. Kuma yaɓe ba a yinsa sau ɗaya a kwanta, duk shekara ake dubawa.

Wani zai ce baƙon yanzu yana son banɗaki da lantarki.

Baba: A yi masa mana. Amma banɗakin a gina shi daban da bulo, a bayan ɗakunan, kada famfo ya ratsa tsohon bango. Waya kuma a bi da ita ta cikin bututu a fili, ba sai an sassaƙe gini ba.

Madalla. Ni ma bari in tofa tawa, kuma 'yan uwana na Gangare kada ku ji haushina. Baƙon da zai baro Abuja ya kwana a gidan kakanku ba tayil ya zo gani ba, yana da shi a gida. Zauren nan ya zo gani, da ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai lanƙwasa, in ya ɗaga kai, da sanyin ɗakin ƙasa da tsakar rana, da labarin fataken da suka sauke kaya a wannan tsakar gida. In kuka zare waɗannan, me ya rage da za ku nuna masa? Abin na damuna, don haka ake yi wa gidajen dutse na zamanin kuza: a shafe dutsen da fentin mai, a toshe murhun jin ɗumi, a rushe bututun hayaƙi, a ce an yi gyara. A Kano, Gidan Ɗan Hausa, inda Bature Hanns Vischer, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, ginin ƙasa ne, yana nan tsaye mutane na zuwa kallo.

Kuma ba sai kun je Kano ba. Ku ɗauki ɗan kwangilar naku ku kai shi gidan tarihi na Jos, wanda Bature Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya kafa a 1952. A harabarsa akwai sashen gine-ginen gargajiya, da kwafin ganuwar Kano da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina asalinsa. Ya tsaya ƙarƙashin bakan gizon masallacin nan, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufin, ya ɗaga kai, sannan ku sake zancen azara.

Baba: Ya je da tsohon magini, kada ya je shi kaɗai.

Kun ji. Saura ɗaya, daga Farin Gada: nawa gyaran zai ci? Hajiya, ba a yi wa gini kuɗi ta rediyo, sai magini ya zo ya gani. Mai tambaya a kan zankwaye kuma ya yi haƙuri, ana yi mini alama daga bayan gilashi, da taka za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba, mun gode.

Baba: Ni ma na gode. A gaida gida.