Laccar tarihi: yadda buhun gyaɗa ya ci garin Amiens a 1597

Assalamu alaikum jama'a. Na baya kuna jina ko? To madalla. Yau Faransa za mu je, wani gari a arewacinta sunansa Amiens, a bakin kogin Somme.

A lokacin Faransa ta shafe fiye da shekara talatin 'yan Katolika da 'yan Furotesta na yanka juna, Sarki Henri na huɗu bai daɗe da samun gindin zama ba, ga shi yana yaƙi da Sarki Filib na biyu na Sifen. Ku tuna fa, ƙasar da yau ake kira Beljiyam a hannun Sifen take, wato maƙiyi a bakin ƙofa yake. Henri ya tara manyan bindigogi da albarushi a Amiens yana shirin kai hari, ya ce wa mutan gari bari in kawo muku sojoji su tsare ku. Suka ce a'a ranka ya daɗe, mu tun kaka da kakanni mu ke gadin ganuwarmu, ba ma so a jibge mana baƙin soja a gidaje.

To gwamnan Sifen na wani gari kusa, Doullens, sunansa Portocarrero, ya samu labari gadin nan wasa ne. Ranar 11 ga Maris 1597 da sassafe ya ɓoye rundunarsa a bayan gari, ya ɗauki 'yan sojoji kaɗan ya sa musu tufafin ƙauyawa kamar masu zuwa cin kasuwa, ɗauke da buhunan wata gyaɗa da bishiya ke haifa, mai ƙwanso mai tauri. Suna isa ƙofa sai aka saki bakin buhu da gangan ta watse a ƙasa, masu gadi suka duƙa ana wawa ana dariya (kar ku yi musu dariya, ku zubar da goro a bakin ƙofar Kurmi ku gani), kafin su ɗago an turo amalanke an tsayar daidai ƙarƙashin ƙyauren ƙarfen nan da ake saukowa daga sama, aka sake shi ya ƙi kaiwa ƙasa. Lokacin azumin Kirista ne kuma, mutane da yawa suna coci suna jin wa'azi. Shikenan, gari ya tafi, har da bindigogin sarki.

Abin da aka rasa da hantsi ɗaya sai da aka yi wata shida ana nemansa. Baitulmali babu ko sisi, sai da aka bi bashi aka sayar da muƙamai. Marshal Biron, babban kwamandan Henri, ya kewaye garin da ramuka, Sarauniya Elizabeth ta farko ta Ingila ma da sojojinta a wajen, shi kansa Henri ya zo ya tare a sansani. Na cikin kuwa ba ragwaye ba ne, suna fitowa su kai farmaki su koma. A farkon Satumba harsashi ya samu Portocarrero ya mutu. Sai ga Albert, gwamnan Sifen na yankin Beljiyam ɗin nan, da babbar runduna zai kawo ɗauki, ya zo ya ga ramuka da bindigogin Henri, ya ɗan taɓa, ya juya. A ganina nan ne aka gama yaƙin, don na ciki suna kan ganuwa suna kallon ƙurar masu cetonsu tana nisa. Ranar 25 ga Satumba suka miƙa garin.

Filib ya tsufa, ga bashi ya yi masa katutu, a watan Mayu 1598 aka sa hannu a sulhun Vervins. Mutan Amiens kuwa sarki ya ƙwace musu gatan da suke taƙama da shi, ya gina musu ƙaton sansanin soja a gefen gari, har yau yana nan. Akwai mai tambaya kafin a kira sallah?