Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake sanin inda ambaliya za ta bi?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga Kuseri ta ƙasar Kamaru take. Wani manomin shinkafa a bakin kogin Logon ya rubuto cewa ya ga ma'aikata riƙe da taswira mai launin shuɗi, suna nuna unguwannin da ruwa zai ci alhali kogi bai ma cika ba. Yake tambaya, shin duba suke yi?

A'a Malam, lissafi ne. Ana kiran ilimin GIS, wato haɗa bayanan wuri a kwamfuta. Ɗauko fararen ledoji uku. A ta farko zana kogi, a ta biyu gidaje da gonaki, a ta uku tudu da kwari. Jera su bisa juna ka ɗaga a rana, nan take za ka ga gidan da ke cikin kwari dab da ruwa. Haka kwamfuta ke yi, sai dai ita da awo take aiki.

A shekarar 2000 wani kumbon Amurka ya auna tudu da kwarin mafi yawan duniya, aka yayyanka ƙasa a taswira gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida faɗinsa kamar mita 30. Sai a tambayi kwamfuta: in Logon ya ƙaru da mita ɗaya, wane gida ne ruwa zai fi tsayi, kuma yana da hanyar isa gare shi? Duk wanda ya faɗa ciki a shafa masa shuɗi. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Sentinel-1 kuwa, tun 2014 yake ɗaukar hoto ko da hadari ya rufe sama, ko da dare ne, shi ya sa yake da amfani a irin ambaliyar Oktoban 2022, lokacin da kogunan Shari da Logon suka cika suka batse a Njamena.

Amma Malam, ga abin da nake so ka riƙe. Ƙasarku shimfiɗe take kamar tabarma, rabin mita kaɗai ya isa ya raba gidan da ya tsira da wanda ya rushe. Awon mita 30 ba ya ganin jingar da kuka yi da buhunan yashi, ba ya ganin kwalbatin da shara ta toshe. Kai ka gan su. In ma'aikatan nan sun dawo, ja su har gindin katangarka, nuna musu zanen da ruwan bara ya bari, su auna su gyara taswirarsu.

Sai wata ɗaliba daga Marwa, tana tambaya ko sai da kuɗi ake koyon wannan aiki. 'Yar'uwa, manhajar QGIS kyauta ce. Tun 1854 likita John Snow ya ɗiga gidajen da kwalara ta yi kisa a kan taswirar Landan, ya ga sun kewaye famfo guda. Ki fara da unguwarku: sa rijiyoyin burtsatse a taswira, zana wa kowace da'irar mita 500, ki ƙirga gidajen da suka rage a waje.